Dashen Reshe da Datse Rassa

Jama'a, darasinmu na yau a kan wuƙa ya ke, da abin da ta ke yi wa itace. Da wuƙa a ke yanko reshe a dasa, ya zama sabon itace. Da ita kuma a ke rage wa itace rassa domin ya ƙara ba da amfani.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ko wane mutumin Dingaya ya taɓa ganin an kafa ɗanyen itacen cediya a ƙofar gida don a ɗaure dabba, bayan damina ɗaya sai ga turke ya yi ganye. Amma sau da yawa sa'a ce kawai. Mutum ya dasa goma, biyu su kama, bai san abin da ya kashe takwas ɗin ba. To, abin da ya kashe su shi mu ke so mu sani.

Iri daban, reshe daban

In ka shuka ƙwallon dabino, ba ka san abin da zai fito ba. Wajen rabin abin da ka shuka maza ne, namiji kuwa ba ya 'ya'ya. Ba kuwa za ka gane shi ba sai ya yi fure, bayan ka yi shekara 4 ko 5 ko fiye kana ban ruwa. Ko macen ma, ba lalle ba ne 'ya'yanta su yi zaƙin wanda ka ci. Saboda haka masana dabino su ka fi son a ciro ɗan da ya tsiro a gindin uwa a dasa. A Dutse akwai tashar binciken dabino, mai son ƙarin bayani a kan wannan sai ya nufi can.

Reshe ma haka ya ke. Shi yanki ne na jikin uwarsa. In uwa mai yawan ganye ce, shi ma mai yawan ganye ne. In mai zaƙi ce, mai zaƙi ne. In kuwa tana da cuta, da cutar zai taso. Don haka aikin farko ba yanka ba ne, zaɓen uwa ne. Ka riƙa lura da itatuwan unguwarku tun da damina, ka san wanne ne lafiyayye. In na wani ne, ka roƙe shi. Ba a hana reshe, amma ba a son a wayi gari a tarar an yi wa itace ɓarna. Gandun daji kuwa, kada ka shiga da adda.

Ba ko wane itace ke yarda da dashen reshe ba. Ɗorawa da tsamiya da kanya da gawo, iri a ke shukawa. Mangwaro kuwa aure a ke yi masa, wannan darasi ne dabam. Masu yarda su ne irin su cediya, durumi, dashi, aduruku, aguwa, bini-da-zugu, zogale, rogo, dankali, rake da inabi.

Reshe matafiyi ne da guzurinsa

Reshen da a ka yanke ba shi da saiwa, watau ba shi da bakin shan ruwa. Abin da ke cikin jikinsa shi ne guzurinsa, da shi zai rayu har saiwa ta fito. In reshe ya cika ƙuruciya, guzurinsa kaɗan ne, zai bushe a hanya. In ya tsufa tukuf, ya yi nauyin tsiro. Na tsaka-tsaki a ke nema.

Ganye kuma ta wurinsa ruwa ke fita daga jikin itace. In ka bar wa reshe ganye da yawa, rana za ta tsotse shi kafin ya kama. Sai ka zage ganyen.

Ku dubi karan rogo ko na rake. Za ku ga gaɓa-gaɓa, a ko wace gaɓa kuma akwai ido. Daga ido toho ke fita, kusa da gaɓa kuma saiwa ta fi saurin fita. Ido kullum yana bisa gurbin da ganye ya faɗi. Da wannan za ka san kai da gindi. In ka kifa reshe, kai a ƙasa gindi a sama, ko dai ya mutu, ko ya fito a wahalce. Ga dabara mai sauƙi. Wajen gindi ka yanka a miƙe, dab da ƙasan gaɓa. Wajen kai ka yanka a karkace. Ko yaro ka aika ya dasa, ba zai ruɗe ba. Yankan karkace har wa yau yana sa ruwan sama ya zurare, ba ya kwanta a kan ciwon.

Wuƙa ta zama mai kaifi. Dakusasshiyar wuƙa tana dagargaza ɓawo, ruɓa kuwa ta nan ta ke shiga. In ka yanki itace mai cuta, ka wanke wuƙar da sabulu ko ka gitta ta a wuta kafin ka taɓa wani. Da sassafe a ke yanka, a ajiye a inuwa.

Shingen da ba ya tsufa

Ko wace shekara bayan kaka a kan saki dabbobi. Mai lambu sai ya tashi da neman kara, ya yi darni. Kafin shekara ta kewayo gara ta ci gindinsa, iska ta kwantar da shi, akuya ta sami ƙofa. Akuya ɗaya kuwa a dare ɗaya tana iya cinye wahalar wata biyu. Ga shi karan nan ana bukatarsa wajen girki da abincin shanu. Shingen itace mai rai shi ne maganin wannan.

Bari in ba ku labarin kuskuren da na yi. Wata shekara na saro dashi guda 40, na kewaye ɗan lambuna da su cikin watan Agusta, ana tsakiyar marka. Wani dattijo maƙwabcina ya zo wucewa, ya tsaya ya dogara sanda.

Ya ce, "Sannu da aiki, Malam. Dashi ka ke dasawa a marka?"

Na ce, "I, Baba. Ai na ga ƙasa ta sha ruwa, sai na ce yanzu ne zai fi kamawa."

Ya ce, "Ruwan nan da ka ke murna da shi, shi zai cinye maka su. Dashi ba ya son a tarye shi da ruwa. Ka bari sai bazara, sa'ad da ya zubar da ganye ya yi kamar matacce."

Na yi masa godiya, amma a raina na ce tsohon zance ne. Kafin ƙarshen Satumba na riƙa jan sandunan nan ɗaya-ɗaya, gindinsu ya yi baƙi yana wari. Guda 3 kaɗai su ka kama. Baba bai ce mini kome ba, sai dai da Afrilu ta yi ya aiko jikansa ya ce in zo in sari na gonarsa.

Dalilin kuwa shi ne, dashi da aguwa da bini-da-zugu itatuwa ne masu ajiye ruwa a jikinsu. In sabon ciwo ya zauna cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ya ruɓe. Lokacinsu ƙarshen bazara ne, Afrilu zuwa Mayu, kafin ruwa ya zauna. A sare su tsawon ƙafa 4 ko 5, a jingine a inuwa kwana kaɗan bakin ciwon ya bushe. Sa'an nan a haƙa rami da dagi, zurfin ƙafa 1, tsakanin wannan da wancan ma ƙafa 1. A sa sanda, a mai da ƙasa, a daddanna sosai. Sandar da ke girgiza ba ta kamawa, domin ko wane motsi yana tsinka 'yan saiwoyin da su ka fara fita. A yi musu tanka da kara, su riƙe juna. Da ruwan fari ya sauka za su farka.

Ku yi hankali da abu biyu. Nonon aguwa kada ya shiga ido. 'Ya'yan bini-da-zugu kuma guba ne, in yaro ya ci sai amai da gudawa mai tsanani, a kai shi asibiti nan da nan. Ku gaya wa yara.

Akwai abu na uku, wanda ba na itace ba ne. Darni a kan kau da shi, amma dashi in ya kama ya zauna ke nan shekara da shekaru. In a kan iyaka za ka dasa, ka kira maƙwabcinka ya tsaya, in da hali da mai unguwa. Rigimar iyaka da yawa daga sanda ɗaya da a ka gusar ta ke farawa.

Zogale

A nan za mu ɗan daɗe, domin babu gidan da ba ya son zogale. Asalinsa daga arewacin Indiya ne, amma ya daɗe a ƙasarmu har ya zama ɗan gida. Ana shuka irinsa, ana kuma dasa reshensa, ko wanne da amfaninsa. Na iri yana yin doguwar saiwa mai nutsawa ƙasa, ya fi jure fari da iska. Na reshe saiwarsa ba ta nisa, babbar iska tana iya tumɓuke shi. Amma shi ya fi saurin ba da ganye, kuma kansa ya riga ya yi tsawo. A cikin gida ko lambu, inda akwai ruwa kusa da katanga mai tare iska, ni na reshe na ke zaɓa. A gonar daji kuwa, a shuka iri.

A nemi reshe wanda ya shekara, kaurinsa kamar ƙotar fartanya, tsawonsa ƙafa 3 zuwa 5. A binne kashi ɗaya cikin uku. Farkon damina ne lokacinsa, wajen watan Yuni. Zogale ba ya son kwari inda ruwa ke kwanciya, sai jigawa ko tudu. Gara tana son ɗanyen zogale ƙwarai. Zuba toka a ramin yana ragewa, ko da ya ke ba ya hanawa ɗungum, sai ana dubawa. A kewaye shi da ƙaya, domin ba mu kaɗai ke son kwaɗonsa ba.

To, ga inda mutane da yawa su ke sakaci. Zogale in an ƙyale shi, sama ya ke tafiya sambal kamar gora, ganye 'yan kaɗan can a ƙololuwa. Sai ka ga uwargida da doguwar ƙugiya tana fama, ko a ce yaro ya hau. Itacen zogale kuwa ba shi da ƙwari, karyewa ya ke yi farat ɗaya.

Maganin abin shi ne datsa. In sabon toho ya kai tsayin ƙirjin mutum, a tsinke kansa. Mai zogale zai ji kamar ya yi ɓarna, amma a'a. Kan itace shi ke danne idanun da ke ƙasa da shi, ya hana su tsiro. Da an cire shi, sai su farka, rassa 4 ko 5 su fito a maimakon ɗaya. Su ma in sun yi kamu guda a tsinke kansu. Haka zai yi ta buɗewa kamar lema, ganye ya yi yawa, hannu kuma yana kaiwa. Tsohon zogale da ya riga ya tsere sama, a sare shi daidai ƙugu gab da faɗuwar damina. Zai sake fitowa. Rassan da a ka sare kuma ga abin dasawa ya samu.

Wanda ke son iri sai ya bar guda ɗaya ba datsa, ya yi fure ya yi 'ya'ya.

Rogo da dankali

Waɗannan kun fi ni saninsu, sai tuni kawai. Rogo daga Amurka ta Kudu ya fito, Turawan Fotugal su ka kawo shi Afirka wajen ƙarni na 16. Yau babu ƙasar da ta kai Nijeriya nomansa a duniya. Duk rogon nan kuwa da kara a ke dasa shi. A ɗauki tsakiyar karan da ya ƙosa, a bar kai a bar gindi. A yanka inci 10, mai gaɓa 5 zuwa 7. A soke shi a kunya a karkace, kashi biyu cikin uku a ƙasa, ido yana duban sama. In ka ga rogon da ganyensa ya yi dabbare-dabbare rawaya, ya murɗe ya ƙanƙance, kada ka ɗauki karansa ko kyauta ne. Cutar tana cikin karan.

Dankali kuma kan yaɗo a ke yanka, tsawon ƙafa 1, a binne gaɓa 2 ko 3. Kada a ɗauki na kusa da gindi, domin a nan ƙwaron da ke huda dankali ya kan yi ƙwai.

Masu yaɗo a kan rumfa

Kun san yadda soso da duma su ke hawa danga da 'yan hannuwansu. Su shekara ɗaya su ke yi su mutu. Amma akwai masu yaɗo da ke yin shekaru suna ba da 'ya'ya, su kuwa ba sa yi sai da wuƙa.

Na farko inabi. Ƙasar Kudan, kusa da Zariya a jihar Kaduna, ta yi suna da nomansa. Reshen da ya ƙosa ya yi ja-ja a ke yanka, kaurin alƙalami, mai ido 3 ko 4. A kafa shi a leda mai ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, ido 1 ko 2 a waje. A ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa. In ya kama, a mai da shi gindin rumfa. Inabi a jikin sabon toho ya ke yin 'ya'ya. In ba a datse shi ba, sai ya cika rumfa da ganye, 'ya'ya kuwa ƙanana, ba yawa. A jihar Maharashtra ta Indiya, inda su ma su ke da damina da rani kamar mu, sau 2 a ke datse shi a shekara. A Afrilu a yi masa aski sosai don ya fid da sababbin rassa. A Oktoba a rage tsawon rassan nan don su yi fure, 'ya'ya su nuna da rani sa'ad da babu ruwan sama da zai ruɓar da su. Gaskiya inabi yana da wahala. Wanda ba shi da ruwan rani tabbatacce kada ya fara.

Na biyu wata tsiro ce da yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Mutanen Brazil suna kiranta marakuja, can ne asalinta, su ne kuma su ka fi kowa nomanta. Ana nomanta a Kenya da waɗansu ƙasashen Afirka. Furenta ya kai faɗin tafin hannun yaro, fari da shunayya, da zare-zare kewaye da tsakiyarsa. 'Ya'yanta kamar ƙwai ko ƙaramin lemo su ke. A ciki akwai ƙananan iri cikin wani ruwa mai tsami da ƙanshi, ana dama shi da sukari a sha kamar yadda mu ke yi da tsamiya. Iri biyu a ka fi sani. Mai shunayyan baya ta fi son ƙasar duwatsu mai sanyi. Mai rawayan baya ita ke jure zafi, saboda haka in wani zai gwada a bakin rijiya ko gefen fadama inda ruwa ba ya kwanciya, ita zai nema.

Reshenta mai gaɓa 3 a ke yanka. A zage ganye, a bar na sama guda ɗaya, shi ma a yanke rabinsa. A kafa a leda, gaɓa ɗaya a ƙasa. Da ya ke reshe ne siriri mai ƙaramin guzuri, sai a kifa masa farar leda don kada iska ta busar da shi, a sa a inuwa. Bayan wata 1 ko fiye saiwa za ta fito.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Da an mai da ita lambu, a kafa dirkoki a ja waya ko igiya mai ƙarfi a kai, tsayin ƙafa 6. A bar mata kara ɗaya tak ya hau, duk wani toho na gefe a tsinke shi. In karan ya kai waya a tsinke kansa, a bar hannu biyu, ɗaya ya bi waya gabas, ɗaya yamma. Daga hannuwan nan ƙananan rassa za su zubo ƙasa kamar labule, a jikinsu fure ke fita. Wanda ya kusa taɓa ƙasa a datse shi. Wanda ya gama 'ya'ya a rage shi, a bar masa gaɓa 2 ko 3 kusa da waya, sabo zai fito daga nan. Ita ma kamar inabi, sabon toho ne ke haihuwa. Kada dai a datse hannuwan nan biyu. Bayan shekara 3 zuwa 5 ta kan gaji, sai a sake dasa sabuwa.

Akwai wani abin mamaki game da mai rawayan bayan nan. Furenta ba ya karɓar garin furen jikinta, sai na wata. Wani babban ƙudan zuma mai huda itace shi ke ɗauko garin daga wannan ya kai wa waccan. Inda ƙudan ya yi ƙaranci, manoman Brazil da yatsa su ke yin aikin, da rana bayan furen ya buɗe. To, ku tuna mun ce reshe yanki ne na jikin uwarsa. In mutum ya yanko reshe 20 daga uwa ɗaya ya cika lambu da su, a gaskiya tsiro ɗaya ya dasa sau 20. Za su yi fure har su ba da sha'awa, furen ya yi ta zuba, ba 'ya'ya. Sai a yanko daga uwaye dabam-dabam, waɗanda ko wacce daga nata irin ta fito, a gauraya su a layi ɗaya.

Aikin gida

Kafin darasi na gaba, ko wane ɗalibi ya zo da yankan rogo ko na zogale guda 2, gindi a miƙe, kai a karkace. Za mu haɗa su a kwando ɗaya mu gauraya. Sa'an nan ko wa ya ɗauki guda, ya nuna mana ido, ya faɗi wajen da zai shiga ƙasa. Za mu dasa rabi daidai a bayan aji, rabi kuma a kife, mu rubuta ranar a jikin allo. Bayan mako 4 sai mu je mu ƙidaya.